Idon Baba da Rikicin Giwa da Jaki

Tunda na dawo daga Dubai ban sha ruwa da daɗi ba. A makaranta a tare ni, a islamiyya a tare ni, har mai awarar ƙofar gidanmu sai da ta riƙe hannuna ta ce sai na gaya mata ko gaskiya ne a can da bulon zinare ake gina banɗaki. Maƙogwarona ya gaji. Ga labarin nan a rubuce, wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma kada a shafa masa manja. Amma ku sani tun yanzu, ni ban ga zinare ba. Abin da na gani shi ne ɗakin jira na asibiti, da Amurkawa suna ɗaga wa juna murya a talabijin, da ranar da na kusa jawo wa mahaifina makanta da ɗan yatsana guda.

Wadda ba ta san Babana ba ta san muryarsa. Shi ne Tanko Aradu, sojan baka, wanda ke shiga rediyo ya wanke uban gidansa, da muke kira Mai Girma, sannan ya juya ya yi wa ɓangaren Alhaji Mudi wankin babban bargo. Mai Girma da Alhaji Mudi jam'iyyarsu ɗaya, tutarsu ɗaya, amma ko a gidan makoki mutanensu ba sa zama tabarma ɗaya.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Sau uku ana sa masa ranar aiki a Kano, sau uku yana gudu. Likita na farko, wai an taɓa ganinsa a ɗaurin auren wani ɗan ɓangaren Mudi. Na biyu murmushinsa ya yi yawa. Na uku kuwa sunansa Mudassir.

"Ba zan miƙa idona ga mutumin da ban san wa ya zaɓa ba," in ji Baba.

Da abin ya kai yana gaida katifar da aka jingine a tsakar gida, sai ƙaninsa Baffa Nasiru, da ke aikin gwajin jini a Dubai, ya ce to a zo can, inda likitoci ba su da katin zaɓen Kano. Umma ba ta iya barin shago da ƙannena, ni kuma ana dogon hutu, ga shi na fi kowa a gidan iya murɗa harshe da Turanci. Haka na zama 'yar jagora kuma tafinta.

Umma ta haɗa mana kaya kamar za mu buɗe kasuwar Rimi a can: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, kilishi. Da ma'aikacin filin jirgi ya zuge jakar sai da ya ja da baya taku uku ya yi salati. A cikin jirgi Baba ya ƙi taɓa abinci sai da ya sa ni na tabbatar maƙwabcinmu ya ci nasa bai faɗi ba. Da muka sauka Addis Ababa canjin jirgi, ya ce in ƙirga masa Kanawan da ke wurin in kwatanta masa hulunansu. Na ƙirga har na gaji, na fara ƙirƙiro wasu.

A Dubai, wurin duba fasfo, akwai wata na'ura da ake leƙawa ta ɗauki hoton ƙwayar ido. Ni ko ƙiftawa ban yi ba ta wuce da ni. Baba ya leƙa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Jami'in, wani Balarabe mai farar jallabiya wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba, ya ce a hankali Baba ya buɗe ido sosai.

"Me ya ce, Uwata?" Haka Baba ke kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ya ce ka ware ido."

"Gaya masa ware shi na zo yi garinsu. Kuma ki tambaye shi wa ya riga ya kawo masa sunana."

Ban tambaya ba. Na nuna takardar asibiti, mutumin ya duba ya buga hatimi ya yi wa Baba addu'ar samun sauƙi. Baba ya wuce yana cewa ladabin ma abin dubawa ne.

Baffa ya tarbe mu. Da ƙofar fita ta buɗe, zafi ya mare ni, na ɗauka wani ne ya buɗe tanderun burodi a fuskata. Ku da kuke kukan zafin Kano, ku je ku ba shi haƙuri. Muka shiga jirgin ƙasansu, ni ina ta leƙe ina neman direba, sai Baffa ya ce ai ba shi da direba, shi ke tuƙa kansa. Baba ya damƙe ƙarfe da hannu biyu.

"Babu abin da ke tafiya ba direba, Nasiru. In ba ka gan shi ba, ɓoye shi aka yi."

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da na ce masa tun daga filin jirgi har gida ban ga fastar ɗan takara ko ɗaya ba. Ba a bango, ba a gada, ba a jikin bola. Baffa ya rage murya ya ce a nan ba a jam'iyya, kuma ba a hirar siyasar gari, kowa aikinsa ya kawo shi. Ya juyo gare ni ya ƙara da cewa ba a ɗaukar mutum hoto sai da izininsa, doka ce. Na ce to. Ku riƙe wannan "to" ɗin, don ban riƙe ta ba.

Baffa yana zaune a unguwar Al Qusais, a hawa na huɗu. Gida ɗaya ne suka raba da wani mutumin Gana, Malam Razak, ɗan zangon Kumasi, direban wani otal. Ɗaki kowa da nasa, falo da madafa na tarayya. Hausarsa daɗi gare ta, sai dai ni ma "kai" yake ce mini, ga kuma 'yan kalmomin Larabcin da ya tsinta a garin. Aikinsa na yamma ne, don haka da safe har azahar yana kan kujera da kofin shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, yana kallon labarin Amurka kamar can gonarsa take.

Lokacin kuwa manyan jam'iyyunsu biyu suna babban taron tsayar da ɗan takara. Razak ya yi mana bayani a sauƙaƙe. Ɗaya alamarta giwa, ɗaya jaki. Baba ya ce a sake faɗa. Aka sake. Ya ce mutanen da suka je duniyar wata, su rasa dabbar da za su ɗora a tuta sai jaki, lallai akwai abin da suke ɓoyewa.

A gidan giwa, wani ne ya shigo daga waje ya kwashe tikiti, dattawan jam'iyya suka kumbura, wasu ma suka ƙi zuwa taron. A gidan jaki kuma, samari na da wani dattijo da suke so, ya faɗi zaɓen fid da gwani, sai ga wasu saƙonni sun fallasa da ke nuna ofishin jam'iyya ya karkata ga ɗaya ɓangaren. Samari suka cika wurin taro da ihu.

Baba ya gyara zama. Tunda muka bar Kano ban ga fuskarsa ta yi haske haka ba.

"Wato su ma ana yi musu ɗauki-ɗora?"

"Sosai, Alhaji," in ji Razak.

"Su ma daliget ne ke cin kasuwarsu?"

"Yalla, zauna ka ji."

Razak na da tasha biyu da yake tsalle a tsakaninsu. Hoto ɗaya za a nuna, zauren taro ɗaya, mutane ɗaya. Tasha ta farko ta ce gidan giwa ya kama da wuta, gidan jaki kuwa ɗan saɓani ne irin na harshe da haƙori. Ya danna, ta biyu ta ce jaki ya mutu saura binnewa, giwa kuwa lafiya lau, motsa jiki take yi. A kowace tasha an jera mutum huɗu ko biyar a dogon tebur, kowa da kwat, kowa na magana a kan maganar wani.

Aikina shi ne in zama idon Baba da kunnensa. A nan zan faɗi gaskiya. Turancin Amurkawa ba irin wanda Malama Hauwa ke koya mana a aji ba ne. Da hanci suke yi, da gudu, kamar an biyo su da bulala. In na kama kashi ɗaya cikin uku na gode wa Allah. Sauran sai in cike da abin da na saba ji a bakin Baba.

"Me mai ƙaramar muryar nan ya ce?"

"Ya ce wancan ko akwatin ƙofar gidansu ba zai kawo ba."

"Ita matar fa?"

"Ta ce wanda ya ci amanar samari, ranar zaɓe zai ga hayaƙi."

Baba ya buga cinya. "Kalmomina ne! Wallahi kalmomina ne! Nasiru, zo ka ji, mutanen nan suna sauraron shirina. Sojojin baka ne, kwat kawai suka fi mu." Razak yana jin Turanci ya fi ni, amma sai ya cusa fuska a kofin shayi, kafaɗunsa suna rawa.

Wata safiya aka maimaita nuna wani babba a gidan giwa da ya hau mumbari ya yi dogon jawabi amma ya ƙi cewa a zaɓi ɗan takararsu, zaure ya ɗauki ihu. Kwana biyu 'yan teburin nan suna tattauna yadda ya tsaya, da inda ya kalla, da wanda ya juya masa baya. Baba ya ce in bar fassara.

"Uwata, ki koyi sana'a. Ba a sauraron abin da ɗan siyasa ya faɗa. Wa ya zauna kusa da wa? Wa ya tafa, wa ya sa hannu a aljihu? Gwani, hoto ɗaya ya ishe shi abincin mako guda."

Ranar Lahadi muka je asibiti. Likitar 'yar Indiya ce, gajera, mai tabarau. Ta haska idon Baba ta daɗe tana dubawa, sannan ta yi wa Baffa magana a hankali, irin Turancin da nake ji tsaf. Ta ce yanar idon dama ta wuce nuna, ta fara matse ƙwayar idon, in aka ƙara jinkiri jijiyar za ta mutu, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ta sa ranar Alhamis da safe. Ta ce ranar Juma'a za ta tafi hutu ƙasarsu sai bayan wata guda, mu kuwa bizarmu ba ta kai nan ba.

Wannan karon ban ƙara gishiri ba. Na faɗa wa Baba yadda ta faɗa. Ya ce in tambaye ta ko tana da dangi a Kano. Ta ce ba ta ma san inda Kano take ba. Ya ce, "To, Alhamis."

Da a nan muka koma gida muka zauna, da labarin ya ƙare lafiya. Amma Baba ya yi kwana huɗu yana cin shinkafar Larabawa mai nama a sama, ya ce cikinsa ya fara mantawa da shi, in bai ci tuwo ba ba zai shiga hannun likita ba. Ranar Talata Baffa ya kai mu Deira, tsohuwar kasuwa, inda in ka rufe ido sai ka rantse a Kantin Kwari kake. Ta ko'ina Hausa. Masu kago suna ihun kwantena, masu waya suna ciniki, wani yana rantsuwa da Larabci yana ƙarasawa da Kananci. Muka hau ƙaramin jirgin ruwa na katako muka tsallaka rafi, Baba yana ta tambayar ko wannan yana da direba. Na ce yana da shi, ga shi nan yana danna waya. Ya ce gara wancan.

Gidan tuwon yana wani lungu a bene. Muna shiga Baba ya yi sallama da muryar nan tasa, sai wuri ya yi tsit, sannan wani ya ce, "Kai! Aradu ne?" Shi ke nan. 'Yan kasuwa suka taso. "Aradu, sai ka yi!" "Aradu, ba ka faɗuwa a banza!" Kowa na miƙo hannu, Baba na karɓa da hannu biyu yana dariya har dasashi, bai ga fuskar ko mutum ɗaya ba. Wani mai babbar riga ruwan toka ya riƙe hannunsa ya daɗe yana girgizawa, ga malmalar tuwo da miyar kuka a gabansu. Abin ya burge ni. Na zaro waya ta ƙarƙashin mayafi na ɗauka, ba wanda ya gani. Na tura zauren 'yan ajinmu na waya, na rubuta a ƙasa: "Baba da mutanensa a Dubai."

Ɗaya daga cikinku ta tura wa yayanta mai shafin labarai. Na san ko wace ce. Ba zan faɗi suna ba, amma tana zama a layi na biyu kusa da taga, kuma har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

Mai babbar riga ruwan tokar nan, ashe Alhaji Sabo ne, na hannun daman Alhaji Mudi, ya zo sayen kaya. Ni ban san shi ba. Baffa ya shekara goma ba ya gari, bai san shi ba. Baba kuwa bai gan shi ba. Kuma kun san yadda abin yake a wurinmu: ɗan siyasa in ya je Dubai, ba wanda zai yarda asibiti ya je. Dubai ai nan ake zuwa a rufe ƙofa a sauya sheƙa.

Ranar Laraba da hantsi, muna falo ana nuna samarin gidan jaki suna ɗaga kwalaye, sai wayar Baba ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Aka turo masa muryar shirin rediyo na jiya. Ɗan Lami ne, abokin aikinsa, wanda suka shekara takwas suna zama benci ɗaya, wanda yake cin tuwon gidanmu har ya nemi ƙari.

"Jama'a, ku dubi hoton nan da kyau," in ji Ɗan Lami. "Hannu biyu fa ya ba shi. Hannu biyu! Ku dubi dariyar. Wannan dariyar marar lafiya ce? Ga tuwo an ci an ƙoshi. Kuma daga cikin gidansa aka rubuta, wai shi da mutanensa. To mun ji, mun san mutanenka."

Minti goma sha biyar yana yi. Ya fassara hular Baba, ya fassara yadda ya karkata kai, har miyar kuka sai da ya samo mata ma'ana. Ni kuwa ina zaune, wayata a ƙarƙashin cinyata kamar garwashi.

Baba ya kira Mai Girma. Ba a ɗauka ba. Ya sake har sau bakwai. Ya kira direbansa, shi ma shiru. Ya miƙe ya lalubi bango ya shiga ɗaki, muka ji yana jan jaka. Da ya fito hularsa a karkace take.

"Nasiru, miƙo mini fasfona."

Baffa, da ya ɗauki hutun aiki saboda mu, ya fito daga madafa da ludayi a hannu. "Yaya, gobe ne fa aikin."

"Na san gobe ne. In ban shiga rediyo da bakina kafin Juma'a ba, an binne ni. Wa ya zaɓi gidan tuwon nan?"

"Ni ne. Nan kaɗai na sani."

"Duk faɗin Dubai. Wa ya zaɓi ranar?"

"Yaya, kai ka ce tuwo kake so."

"Wa ya matsa sai na baro Kano, ana saura mako uku zaɓen shugabannin mazaɓa? Wa ya samo likitar da za ta tafi hutu, don kada in motsa? Ai na ji a talabijin ɗin nan. Dattijon samari ma ba abokan gaba ne suka yi masa ba, daga cikin ofis aka yi masa. Nawa Mudi ya ba ka?"

Razak ya kashe talabijin. Tunda muka zo ban taɓa ganin allon nan baƙi ba.

Baffa ya ajiye ludayin a kan kujera, miya na ɗiga, ya shiga ɗaki ya fito da fasfo ya sa a hannun Baba ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ga shi, Yaya. Tun rasuwar Inna kai ne uwa da uba a wurina, ba zan riƙe ka ba. Amma idon nan in ya tafi, ba Mudi ba ne zai ja maka sanda, ba kuma Mai Girma ba. Yarinyar nan ce."

Ku da kuka san ni kun san ba na rasa abin faɗa. Na lissafa ƙarya uku masu kyau, kowace za ta iya fitar da ni. Sai na ga Baba ya nufi ƙofa, ya miƙa hannu yana neman mariƙinta a gefen da babu mariƙi.

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ɗauki hoton. Ni na rubuta maganar. 'Yan ajinmu na tura wa, don su ga ana son ka. Baffa bai sani ba, ya ma hana ni ɗaukar hoto."

Ya juyo a hankali. "Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Uwata, babu abin da ake yi ba wanda ya sa."

"Wallahi Baba ba kowa. Daɗi na ji."

Na jira aradu ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Ya ce in kawo wayar. Na buɗe hoton na ba shi. Ya kai shi har kan hancinsa, ya karkatar, ya matso da shi ido na hagu, ya mayar na dama.

"Ina nake a ciki?"

Na kama yatsansa na ɗora a kan fuskarsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya lalubi kujera ya zauna, a kan ludayin Baffa, ba wanda ya iya gaya masa.

"Duk Kano ta ga hoton nan ban da ni," ya ce. Can kuma ya ce, "Ɗan Lami ya iya. Ni na koya masa. In na koma yau, zai ce ciniki ya faɗa da wuri. In na zauna, zai ce ana kan ciniki. Da ni ne a bencin, haka zan yi." Ya shafa fuska. "Akwai wani Malam Inuwa, sakataren ɓangaren Mudi. Shekara huɗu da suka wuce ya tafi Masar, suka ce ƙoda. Na yi mako guda ina cewa ƙodar ƙarya ce, taron sirri ya je. Gawarsa aka dawo da ita. Na je jana'iza na tsaya a sahun baya."

Ni dai hawaye har cikin kunne.

Baba bai ce wa Baffa ya yi haƙuri ba. Kun san iyayenmu. Ya miƙa fasfon saitin inda yake zaton Baffa na tsaye, wato saitin firiji, ya ce, "Nasiru, ƙarfe nawa matar nan ta ce? Kuma an ce kada in ci komai da safe, ko?" Baffa ya zagayo ya karɓa da hannu biyu ya ce ƙarfe bakwai.

Aikin bai kai tsawon wa'azin Malamin islamiyyarmu na ranar Asabar ba. Washegari da safe, kafin likitar ta kama hanyar ƙasarsu, ta cire bandejin. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya kalli Baffa sama da ƙasa ya ce, "Kai, ba ka cin abinci ne a garin nan?" Ya kalle ni ya ce, "Kawo wayar." Na ɗauka hoton zai duba. Ya duba ɗin, ya ce hular ta zauna daidai, sannan ya jefa wayar a aljihunsa. Har yau tana can.

Da muka koma gida ya sa baƙin tabarau ya zauna gaban talabijin ya ce ba ya bukatar tafinta. Aka nuno dattijon samarin nan na gidan jaki tsaye yana kira a mara wa wadda ta kayar da shi baya, wasu samarinsa na kuka, wasu na ficewa. Tasha ɗaya ta ce an ɗinke, ɗayar ta ce ɗinkin ɓarawo ne. Baba ya nuna allon da yatsa.

"Razak, ka ga manya sun shirya a ɗaki. Waɗannan da suka tsage maƙogwaro fa, wa zai ba su ko ruwan sanyi?"

"Halas, shi ke nan, Alhaji," in ji Razak. "Sha shayinka."

Bayan kwana goma muka taso. A na'urar filin jirgi Baba ya leƙa sau ɗaya ta wuce da shi, ya ce yanzu kuma saurin ya yi yawa. Baffa ya rako mu har inda ake tsayar da masu rakiya, suka yi musabaha suka ƙi sakin hannu, ni kuwa ba waya balle in ɗauka.

A Kano, da, ko Kaduna Baba ya je ya dawo sai samarin jam'iyya sun tarbe shi da babura. Wannan karon ba ko ɗaya. Benci ya zama na Ɗan Lami, Mai Girma har yanzu bai ɗauki waya ba. Umma ce kaɗai tsaye a bakin ƙofar fita, da maƙwabcinmu mai tasi. Baba ya hango ta tun daga nesa, da kansa, ya saki hannuna ya tafi. Da ya isa gabanta ya cire tabarau ya tsaya yana kallonta, har mutane suka fara kewaye mu da kaya.

"Binta, yaushe kika yi furfura?"

Umma ta ja mayafi ta rufe goshi. "Shekara uku ke nan."

"Ba wanda ya gaya mini." Ya ƙara matsowa yana dubawa. "A'a. Wannan akwai hannun wani a ciki."

"Akwai," in ji Umma, ta karɓe jakar daga kafaɗarsa. "Shiga mota. In mun je gida zan nuna maka shi a madubi, tunda yanzu kana gani."